Gwaggo da Jariran da Suka Koma

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu tattara. Gwaggo, yayar mahaifina, ta cika ranar kasuwar Gangara da hantsi, tana zaune a inuwar ɗakinta da ɓarin goro a hannu. Yau kwana arba'in ke nan. An yi sadaka an watse, ni kuma na ɗauko takarda, don abin da na gani a zaman makokin nan ya hana ni sakat.

Mutane sun zo, ban ce ba su zo ba. Tabarmi har ƙofar maƙwabta. Amma na san garinmu, na kuma san bambancin "Allah ya jiƙanta" da ta fito daga ciki da wadda ta tsaya a leɓe. Mata sun shigo gaisuwa da goyo, ba wadda ta sauke nata, wata ma har da jan mayafi ta rufe kan yaron, alhali mai ɗakin tana cikin ƙasa tun shekaranjiya. An raba gumba, wasu suka karɓa suka ƙulle a bakin zane, na kuwa san kaji za su ba. Wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya matso kunnena ya ce, "To, yanzu sai mu ga ko za a sami sauƙi." Na ce, "Sauƙin mi?" Sai ya shiga jan carbi. Ba don zaman makoki ba da na faɗa masa wadda ba zai manta ba, don ita ta yanke cibiyar ƴaƴansa kaf.

Wadda ta yi kukan gaske wata tsohuwar Bafulatana ce mai kawo mata nono. Ta ajiye ƙwaryarta a ƙofa, ta zauna a ƙasa ba tabarma, tana ta maimaitawa da Hausarta ta ruga, "Yanzu wa ya san wurin nawa? Ita kaɗai ta sani." Mutane suka dubi juna, kowa ya fassara yadda zuciyarsa ta so. Ni na san abin da take nufi, kuma dalilin rubutun nan ke nan.

An kai Gwaggo aure yamma, wajen Cadakori, tun ba a haife ni ba. Ina goye ta dawo gidanmu, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, da harshen Gobirawa a bakinta da sana'ar ungozoma a hannunta. Tun daga nan ƙus-ƙus ya fara: wa ya san abin da aka ba ta ta haɗiye a can? Ita kuma, Allah ya gafarta mata, ba ta taimaki kanta ba, don ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. Ba ta cin goro sai ta ɓare ta duba tsutsa, ko da liman ne ya miƙo mata. In za ta auni gero sai ta kifa mudun ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta ji ko an yi masa ciko. In ka kawo mata labari, ko da na ruwan da aka yi a ƙauyen gaba ne, tambayarta ɗaya ce: "Kai ka gani, ko ce maka anka yi?" Ranar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, na shigo da murnata na ce, "Gwaggo, mun sami ƴancin kai." Ta ce, "Madalla, Mushe. Lanhon hwa, da shi sunka tahi ko sun bar muna?" Ita in dai ba a daina karɓar haraji ba, to ba abin da ya sauya. Mushe take ce mini, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, don na yi lakol, wato makarantar boko, kuma ba yabo ba ne.

Duk da haka in naƙuda ta tashi ba a neman kowa sai ita. Ɗa ya zo a gicciye ta juya shi, mabiyiya ta ƙi faɗowa ta san dabarar. Sai dai tana da wani hali da ya ja mata. Ba ta cewa barka ranar haihuwa, sai dai "Allah shi raya," ta wanke hannu ta yi gaba. Kwana na huɗu ko na biyar sai ga ta ba a kira ta ba, ta karɓi jariri, ta sa ɗan yatsa a bakinsa ta ji ko yana kamawa da ƙarfi. In ta miƙa shi tana tsokanar mai jego, to a fara neman ragon suna. In ta miƙa shi ba ta ce uffan ba, kowa ya san sauran. Yau da gobe sai aka daina cewa Gwaggo ta gane, aka koma cewa Gwaggo ta taɓa.

A wurinmu jaririn da ya rasu kafin suna ba a cewa ya mutu. Ya koma ake cewa. Baƙo ne ya leƙo, bai ga wurin zama ba, ya juya. Ba zaman makoki, ba zuwa maƙabarta. A naɗe shi a ɗan ƙyalle, uba ya haƙa a bayan ɗaki ko gindin danga, uwa ta share hawaye ta ci gaba da wankan jego. Ba shi da suna, saboda haka ba a ambatonsa. Mu maza ma ba mu cika sanin na maƙwabta ba, don sai ranar suna ake kiranmu, in kuwa ba a kira ba, ba mai tambaya. Kowa nasa ya sani, ya kuma yi shiru da shi.

Nawa uku suka koma a jere, duka Gwaggo ce ta karɓe su, duka kuma hanya ɗaya suka bi. Lafiya lau, ana tsotso, sai wajen kwana na biyar baki ya ƙulle, a ƙi nono, jiki ya sandare, in an taɓa yaro ya banƙare. A na ukun surukata ta zo daga ƙetaren iyaka, ƙasar Katsina, inda take aure. Ni da ita ba ma haɗa ido, kunya ta hana, sai dai ta yi magana da bango ni kuma in ji. Ranar ta ce wa bangon da ƙarfi, "In maye ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. A kira ta ta tsallake shi."

Wanda ake zargi da maita shi ake sawa ya tsallake majinyaci, wai don ya saki kurwar da ya kama. In ka tsallake ka amsa laifi, in ka ƙi kuma yaro ya tafi an tabbatar da kai. Na ɗauka Gwaggo za ta tada gari, don a kan kuɓewa ma ba ta ragawa mutum. Ta shigo, ta dubi matata, ta dubi yaron a kan tabarma, ta tattare zanenta ta tsallake shi sau uku. Ta ce, "Ya isa ko in ƙara? In tsallaka na tashe shi, sai in wuni ina yi." Kafin la'asar ya koma. Ita ta wanke shi, ita ta nuna mini inda zan haƙa.

A lokacin ban zarge ta ba, wallahi. Nawa zargin daga baya ya zo, kuma takarda ce ta kawo shi. Shi ne abin da ke cina har yau.

Ba a daɗe da samun ƴanci ba aka turo wani likita Bature da anfirmensa, wato ma'aikacin jinyar da ke taimaka masa, su zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Agiye da Gazawa, su binciki yadda jarirai ke mutuwa. An ce sabuwar gwamnati na so ta san inda abin ya fi tsanani, don a san inda za a fara kai magani. Anfirmen Bazabarme ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, sai aka ɗauke ni tafinta. Aka ba ni takarda mai layi-layi da alƙalami. A ranar ji nake kumandan mai mulkin yankin ma sai dai ya fara gaishe ni.

Tambayar da Faransanci take, ni kuwa na juya ta kalma da kalma yadda aka koya mana a lakol: "Cikin ƴaƴan da kika haifa, nawa suka mutu?" Mu tsaya a zaure, mace na bayan danga, maigida na tsaye yana harararmu, don shi a ganinsa duk mai ƙirga kawuna lanho ya kawo shi. Sai ka ji ta ce, "Guda, wanda ƙyanda ta ɗauka," ko ta ce, "Babu, alhamdu lillahi." Ba ƙarya suka yi ba, abin da na tambaya suka amsa, ni kuma na rubuta. Da aka zo gidana ba a tambayi matata ba. Anfirme ne ya tambaye ni da Faransanci, na amsa masa da Faransanci, harshen da kalma ɗaya yake da ita ga tsoho da jaririn kwana biyar. Na ce uku, na rubuta uku.

Ranar da aka gama, likitan ya zauna gindin tsamiyar ƙofar maigari yana juya takardun yana girgiza kai. Ya ce ya yi aiki a wasu ƙasashen da suka sami ƴanci tare da mu, na bakin teku da na tudu, kuma ko'ina ya je jarirai na mutuwa da yawa, wata ƙasar ta fi wata, amma bai taɓa ganin inda suke tsira haka ba. Ya ce ko a ƙetaren iyaka, inda gidajen likita suka fi namu yawa, takardun da ya gani sun fi waɗannan muni nesa ba kusa ba. "Ko dai ƙauyukanku na da wani sirri," in ji shi, "ko takardar nan tana yi mini ƙarya." Ni kuwa sai na ji haushi, na ce masa mutanenmu ba maƙaryata ba ne. Da na fassara wa maigari, har hularsa ya gyara. Ya ce ai dama an sani, ɗan da ya sha kunun geronmu ba ɗaya yake da na Najeriya ba. Sai likitan ya ɗora yatsa a kan layi guda ya ce, "To wannan gidan fa, me ke faruwa a cikinsa?" Anfirme ya dube ni, na dubi ƙasa.

Gwaggo tana wurin. Ba wanda ya gayyace ta, ta zo ta zauna nesa kaɗan tana kallon bakin Baturen kamar mai jin abin da yake faɗa. Can ta ce, "Mushe, tambaye shi. A ƙasar da ɗiya ba su komawa, da mi suke yanke cibiya? Mi suke sa mata in sun yanke?" Mu dai da ɓawon kara mai kaifi ake yankewa, a barbaɗa toka, wasu har da ƙasar murhu. Kunya ta rufe ni, tsohuwa da zane ɗaya tana zancen cibiya gaban Bature da maigari. Na ce masa tana yi masa sannu da zuwa. Ya yi murmushi ya ce mersi. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Tambayata doguwa, amsarshi guntuwa. Mi ka hwaɗa mashi?" Na ce ai haka Faransanci yake.

Amsar da na hana ta a ranar sai bayan shekaru ta same ta, da aka turo wata mata tana koya wa ungozomomi aiki: reza sabuwa, a dafa ta, a wanke hannu, kada a sa wa cibiya toka, don ta nan ciwon ƙulle bakin ke shiga. Gwaggo ce ta fara zuwa, ita ce kuma ta fi gajiyar da matar da tambaya. Amma wannan daga baya ne. A shekarar da nake magana ba wanda ya sani, kuma matata na da ciki na huɗu.

Ina shara a gona ina saƙawa ina kwancewa. In jariran ƙasarmu sun fi na Najeriya zama, sun fi na bakin teku, to abin da ke gidana ba ciwon ƙasa ba ne. Gida ɗaya cikin gidaje masu yawa, uku a jere, hannu ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Da can zancen mata ne, ina jinsa in watsar, yanzu kuwa ga shi a rubuce, da rubutuna, Bature ya ɗora yatsa a kai. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni ya shaƙe ni sosai. Na fara lura da abubuwan da ban taɓa lura da su ba: yadda take kallon cikin matata, yadda take sanin watan haihuwa ba a gaya mata ba, yadda ba ta taɓa kuka a kan ko ɗaya ba.

Wata safiya na same ta tana tsince wake. Na gaishe ta, na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na ce, "Gwaggo, wannan karon ki huta."

"In huta da mi?"

"Surukata za ta zo da ungozomarsu daga can. Kada ki wahala da shiga gidan sai bayan suna."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ita ta ce, ko kai ka ce?"

Na ce, "Takarda ce ta ce." Na zayyana mata komai, da na Najeriya da na bakin teku da layin gidana. Ina magana ina jin kaina kamar alƙali.

Ta ture faifan gefe. "Hwaɗa mani yadda ka tambaye su. Da bakinka, yadda ka ce."

Na faɗa mata.

"Sunka mutu," ta maimaita. Ta yi wata ƴar dariya da ba daɗi a cikinta. "Kaico, Mushe. Kai uwarka nawa ta haihwa?"

Na ce, "Mu huɗu."

Ta ce, "Tara. Tashi mu tahi."

Tun hantsi har aka kira azahar muna zagaya gari ta bayan gidaje, ita a gaba da sandarta, ni a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ta tsaya gindin danga ta nuna da sanda. "Nan biyu, tagwaye, shekarar hwara. Nan guda, mace, da gashinta har wuya. Nan ukku, na tsakiyar ya kai kwana shidda, har an sayi goro." Gidan maigari da ya gyara hula, ta nuna huɗu. Gidan da na rubuta babu da hannuna, ta nuna biyu, ta ce na bayan ko wata uku bai yi ba. Ba tudu, ba dutse, ba wata alama, wani wurin an ɗaure jaki, wani wurin an shuka kabewa, amma ita ba ta taɓa tsayawa tunani ba. Ta fita da ni har wata gona da Fulani suka taɓa yin zango, ta nuna gindin gawo ta ce na mai nonon nan ne, biyu, duk shekara in sun dawo sai ta zo ta tambayi Gwaggo wurin don ita gonakin sun rikice mata. Daga ƙarshe muka dawo bayan tsohon ɗakin mahaifiyata, inda nake wasan langa ina yaro. Ta ce, "Ƙannenka biyar. Ka sha taka su."

Na ce, "Gwaggo, don mi kika riƙe su haka?"

Ta ce, "Ni ke wanke su. Uwayensu an ce su mance, ubanninsu an ce kada su tambaya. To wa zai riƙe?" Na ce nata fa. Ta ce suna Cadakori, ta ji an gina rumbu a kansu, ta kuma sauya magana.

Washegari na yi sammako zuwa Agiye in ce a gyara. Aka ce likitan ya tafi, takardu kuma sun wuce Yamai. Wanda na samu a buro, wato ofishinsu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ka rubuta, kai kuma ka zo ƙaryatawa? Wa ya aiko ka?" Na juyo gida. Ban san inda aka fara kai maganin ba, na dai san ba wurinmu ba ne. Wataƙila har yau akwai wani a wata ƙasa da ke duba takardar nan yana mamakin ƙarfin jariranmu.

Mai karatu zai ce to ai sai na je na janye maganata. Ban janye ba, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Matata ta ce mini tana kuka, "Ko ba ita ba ce, zuciyata ba ta kwanta ba, ka bar ni in gwada wani hannun." Surukata ta riga ta aiko cewa suna tafe. Ni kaina, bayan duk abin da na gani da idona, akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa: mutum ya san kushewa haka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsaron rumbu? Zargi in ya shiga, ko hujja ka kawo masa sai ya mai da ita tasa. Na bar maganar yadda take, Gwaggo kuma ba ta sake tada zancen ba. Hanyar rijiya ma ta sauya don kada a ce ta bi ta ƙofata.

Da damina ta kankama matata ta haihu, namiji, jawur da shi, kukansa har zaure. Ungozomar da aka kawo mace ce mai fara'a, ta rangaɗa guɗa, ta yi ta barka da kowa. Ta yanke cibiya da ɓawon kara ta barbaɗa toka, daidai yadda ake yi a nan, don iyakar da Nasara suka ja ba ta raba mu da wannan ba. Gwaggo ta ba maƙwabciya kanwa da yaji a kawo wa mai jego, surukata ta zubar a bayan gida. Na sayi rago na ɗaure. Na zaɓi suna na ajiye a zuciyata, sunan mahaifina. Kwana huɗu gidan nan ana dariya, surukata na ce wa bango, "Ga shi nan dai, gani ya kori ji."

Kwana na biyar tsotso ya ragu. Na shida da safe baki ya ƙulle. Na ji irin kukan da na sani, siriri, ta tsakanin dasashi. Ungozomar ta ce an aiko mata daga gida, ta ɗaure kayanta kafin rana ta take. Ana kiran azahar kukan ya tsaya.

Ba wadda ta iya taɓa shi. Matata ta juya fuska bango, surukata na zaune ta zuba tagumi, maƙwabta sun cika ƙofar ɗaki ba mai shiga. Na fita. Na sami Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta, ga ruwa a ƙwarya, ga farin ƙyalle a ninke a cinyarta. Ban tambaye ta wa ya gaya mata ba, ita ta ce, "Na ji shirun gidanka." Ta miƙo mini ƙwaryar na ɗauka, muka taho.

Mata suka dare suka ba ta hanya. Ta durƙusa ta ɗauke shi, ta daɗe tana kallon fuskarsa, don ba ta taɓa ganinsa ba sai a lokacin. Ta ce, "Kun raɗa mashi suna?"

Na ce, "Gwaggo, kwana shida ne."

"Na iya ƙirga. Raɗa mashi."

Na durƙusa na raɗa masa a kunne. Wata daga ƙofa ta ce a hankali, "Allah sarki, ya koma." Gwaggo ta juya ta ce, "Bai koma ba. Ya zo, ya sha nono, ya mutu. Wanga yana da suna, a ce ya mutu." Ba wanda ya taɓa jin an faɗi haka a kan jariri a garinmu. Sai a lokacin matata ta fashe da kuka, irin kukan da aka hana ta sau uku.

Gwaggo ta wanke shi a hankali, ta naɗe. Surukata ta rarrafo kusa da ita ta ce, "Yaya, mun ɗauki alhakinki. Ko inuwarki ba ta taɓa shi ba. Yau kowa ya ga ba ke ba ce."

Na ɗauka Gwaggo za ta ji sanyi, shekara nawa tana ɗauke da wannan suna. Sai na ga hawaye na bin kumatunta, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta ce, "To mi na samu? Da ma ni ce. Da ni ce, ai da kunka kore ni sai shi zauna."

Ta miƙo mini shi, ta tashi da ƙyar ta dafa bango, ta ce in ɗauko fartanya ta nuna mini wurin da ba kowa.

Ban ce ta yafe mini ba a ranar, ban kuma faɗa ba har ta bar duniya, kullum ina cewa sai gobe. Wanda duk ya karanta wannan ya taimake ni da addu'a. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya sada ta da duk waɗanda ta wanke.